Gida ɗaya, korona ɗaya: maigidana ya sha da ƙyar, ƙanensa ko kwanciya bai yi ba

Assalamu alaikum Anti. Daga Kano nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekararsa 46, kuma mutum ne mai jiki sosai. A damunar 2021 korona ta kama shi tare da ƙanensa da ke zaune a gidanmu. Ƙanen siriri ne, mura da ɗan zazzaɓi ya yi na kwana uku ya miƙe. Shi kuwa Alhaji kwana 16 ya yi a asibiti, tara daga ciki da robar oksijin a hanci. Ranar sallama likita ya ja ni gefe ya ce ƙibar ce ta kusa kai shi, a rage. A lokacin ya faɗa, amma yanzu ya mayar har ya ɗora: awon ƙarshe kilo 108, tsayinsa mita 1.70. In ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya, da dare yana minshari har numfashi ya ɗauke, kuma duk hunturu sai mura ta sauka masa a ƙirji. Na gwada rage mai a girkina, ya ce abincina ya daina daɗi, ranar girkin abokiyar zamana kuwa har suɗe kwano yake. Hajiya mahaifiyarsa ta ce so nake in ramar mata da ɗa, mutane su ce ya karye ko yana ɗauke da wani ciwo. Shi kuma cewa yake korona ta wuce, kwana in ya ƙare ya ƙare. Ga shi ya biya kuɗin Umrar azumi. Anti, da gaske ƙiba ce ta sa nasa ya yi tsanani? Kuma yaya zan yi ba tare da na ɓata da kowa ba?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Wadda ta yi kwana 16 a kan tabarmar asibiti tana kallon ƙirjin mijinta yana sama yana ƙasa ba ta buƙatar a koya mata tsoro, don haka ba tsorata ki zan yi ba.

Likitan nan gaskiya ya faɗa miki. Sai dai ina so ki riƙe maganar daidai, domin in kika kai ta gida a karkace za a rufe miki baki cikin minti ɗaya. Ba ƙiba ce ta kira cutar ba, ƙwayar da ta shiga Alhaji ita ce ta shiga ƙanensa. Abin da ya bambanta su shi ne abin da kowa ya tara kafin ta zo. Ki ɗauki 'yan kasuwa biyu da gobara ta cinye wa shago a dare ɗaya: ɗaya yana da ajiya a gefe, ɗaya dama da bashi yake juya kayan. Wutar ɗaya ce, amma tashinsu ba zai zama ɗaya ba. Huhun mai matsakaicin jiki yana da rarar da zai ci a ranar wahala. Huhun Alhaji kuwa tun yana lafiya ya cinye rararsa, shaidarki ita ce tsayuwar nan da yake yi a tsakiyar bene.

Kuma kada ki ɗora komai a kan teɓa. Ƙanensa ya fi shi ƙuruciya, shekaru kuwa su ne gaba da komai a wannan ciwo. Ke 'yar Kano ce, kin tuna watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Da Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon bincike a watan Yuni, ya ce mutum 979 aka ƙirga sun rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, kuma yawancinsu dattawa ne da suka haura 65. Akwai siraran da ta ɗauke, akwai masu tumbin da ko atishawa ba su yi ba. In kika ce wa Alhaji korona masu ƙiba take kashewa, zai lissafo miki sirara uku na unguwarku da aka binne, magana ta ƙare. Abin da za ki iya tsayawa a kai shi ne: shekaru ba a rage su, gado ba a canza shi, amma nauyi ana iya taɓa shi.

Tun farkon annobar likitoci suka fara lura. A birnin Lil na Faransa, a watan Afrilun 2020, likitocin wani babban asibiti sun duba mutum 124 da aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman, wanda muke kira gobe da nisa. Suka ga masu ƙiba irin ta Alhaji, kusan tara cikin goma sai da aka zura musu bututu a maƙogwaro na'ura ta yi musu numfashi. A watan Agustan shekarar, wani masani a Jami'ar Arewacin Karolina ta Amurka, Barry Popkin, shi da abokan aikinsa suka tattara bincike 75 daga ƙasashe daban-daban suka haɗa lissafinsu wuri ɗaya. Abin da ya fito: mai ƙiba in ya kamu, haɗarin a kwantar da shi ya ninka na marar ƙiba har da ɗoriya, haɗarin shiga ɗakin kulawa ta musamman ya ƙaru da kashi 74 cikin ɗari, na mutuwa da kashi 48. Sannan a 2021 masu bincike na Jami'ar Oksifod suka bi bayanan mutum kusan miliyan 7 a Ingila, suka gano abu biyu da nake so ki kula da su. Na farko, haɗarin ba tsalle yake yi a wani mataki ba, hawa yake a hankali tare da nauyi, kilo bayan kilo, wato duk abin da aka sauke ma riba ne. Na biyu, tasirin ƙibar ya fi fitowa a jikin matasa da masu matsakaicin shekaru, ba tsofaffi tukuf ba. Mutum kamar Alhaji, wanda a shekarunsa ya kamata ya yi mura ya miƙe, ƙiba ce ke tura shi layin dattawa.

In Alhaji mai sauraron labarai ne zai tuna Boris Johnson, Firaministan Birtaniya na lokacin, wanda aka kai ɗakin kulawa ta musamman a Landan a watan Afrilun 2020. Da ya fito da bakinsa ya ce nauyinsa ya yi yawa, kuma kafin ƙarshen Yuli gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirin yaƙi da ƙiba. Na kawo shi ne don na san halin mazanmu: abin da mata ta faɗa surutu ne, amma in babban mutum ya faɗa a rediyo ya zama labari.

Yanzu ga yadda abin yake aiki a ciki, kuma nan nake so ki nutsu, domin in kika fahimce shi ba sai kin haddace alƙaluman can ba.

Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan nama kamar faifai. Duk jan numfashi sai ya sauka ƙasa huhu ya samu wurin buɗewa, kamar zugazugin maƙeri. In ciki cike yake da kitse, faifan nan ba ya samun wurin sauka, sai gindin huhu ya zauna a matse, iska ba ta kai can sosai. A tsaye da sauƙi. In mutum ya kwanta rigingine, duk nauyin tumbin sai ya gangaro ya danne ƙirjin. Shi ya sa za ki ga mai teɓa ya fi son filo biyu ko uku, ko ya yi barci a kishingiɗe a kujera. To korona in ta yi tsanani, can cikin huhun take cikawa da ruwa da kumburi, ta rage wurin da dama ya yi kaɗan. Ɗaya daga cikin dabarun da suka ceci mutane a asibitoci ita ce kwantar da majinyaci rub da ciki na sa'o'i masu yawa don bayan huhu ya buɗe. Ki tuna yadda aka sha fama in ana son juya Alhaji a gado, sai ki gane dalilin da ya sa wannan dabara ta fi wuya ga mai babban ciki. Hatta neman jijiya don ƙarin ruwa da ɗaukar hoton ƙirji sun fi wahala.

Abu na biyu ba a ganinsa da ido. Mu mun ɗauka kitse ajiya ce kawai da ke zaune shiru, kamar man shanu a ƙwarya. Ba haka ba ne. Kitsen ciki, wanda ya naɗe hanji da hanta, kullum yana sakin wasu sinadarai cikin jini da ke sa garkuwar jiki zama cikin ƙaramin faɗa da ba ya ƙarewa. Garkuwar da ta kwana tana faɗa, in maƙiyi na gaske ya zo, sai ta makara wajen tashi, in kuma ta tashi sai ta wuce gona da iri ta riƙa dukan huhun mai ita. Yawancin waɗanda korona ta kai gargara a mako na biyu, wannan haukan garkuwar ne ya kai su. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna a 2022 cewa ƙwayar cutar tana iya shiga cikin kitsen kansa ta zauna. Ƙari a kan haka, jinin mai ƙiba ya fi saurin yin guda, korona ma tana sa jini yin guda, in suka haɗu gudan na iya toshe jijiyar huhu. Wataƙila kin tuna wata allura da ake yi masa a fatar ciki kullum yana asibiti. In an yi, ta tsinka jini ce.

Na uku, ƙiba ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, tana jan ciwon suga da hawan jini a baya, kuma kowannensu da kansa yana tsananta korona. Ba ki ambace su a wasiƙarki ba. Ina fata don an auna ba a samu ba ne, ba don ba a auna ba.

Duk lokacin da na zo nan a bayani sai hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito ya faɗo min, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, in kuwa ba makawa to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Na numfashi fa aka ce. Alhaji ya san hadisin, ba sai kin karanta masa ba, kuma don Allah kada ki karanta masa a kan faranti.

Ga lissafin da likitoci ke yi, wanda suke kira BMI: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Na Alhaji, 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 108 da shi, ya kama 37 da ɗan kai. Daga 25 an fara cewa nauyi ya wuce, daga 30 ƙiba ce, daga 35 ta shiga mataki na biyu, wato rukunin mutanen Lil ɗin can. Amma ni na fi son awon zare, don ba ya buƙatar sikeli kuma tumbi yake kamawa kai tsaye. Ki yanko zare daidai tsayin mutum daga ƙafa zuwa ka, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinsa da shi ta wajen cibiya. In bakin zaren ya haɗu, lafiya. In bai haɗu ba, ratar da ta rage ita ce aikin da ke gaba. Na gwada a kaina shekarun baya, na tsaya gaban madubi ina jan zare ina shanye ciki kamar mai sa zanen biki, ratar ta ƙi rufuwa, yatsu huɗu cur. Don haka ba daga kan tudu nake miki magana ba.

Batun korona ta wuce, rabin gaskiya ne. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kanta, kuma yanzu yawancin mutane sun samu garkuwa, ko ta rigakafi ko ta kamuwa, shi ya sa ta yi laushi. Amma ƙwayar tana nan tana yawo tana canza kama, kuma waɗanda take kwantarwa har yau su ne dai tsofaffi da masu wani ciwo a ƙasa. Ko ma a ce ta tafi gaba ɗaya, matsalar Alhaji ba ta tafi ba. Tun a annobar murar 2009 likitoci suka ga masu ƙiba sun fi jigata. Ƙirjin da ya kasa da korona shi ne zai tari murar hunturu da ciwon nimoniya. Maganar kwana kuwa gaskiya ce, ba mai ja. Sai dai ban taɓa jin Alhaji ya bar shago a buɗe ya tafi gida don arziki in ya ƙare ya ƙare ba, kwaɗo biyu yake sawa ya kuma biya maigadi. Wannan ma ba daga bakinki ya kamata ya ji ba. Ki nemi amininsa ko wansa ya faɗa masa cikin raha.

Yanzu mu shiga cikin gida, inda ainihin tambayarki take. Kuskurenki ɗaya ne, kuma na ƙauna ne: kin fara ke kaɗai, kuma kin fara daga tukunyar miya. A gidan mata biyu, duk wadda ta rage mai ita kaɗai ta ba da kanta ne kawai. Alhaji bai rage komai ba, kwana biyu yana cin na marmari, kwana biyu yana cin naki yana ƙorafi, ke kin yi asarar yabo, shi bai yi asarar ko gram ɗaya ba. Ki daina wannan daga yau.

Ki je wurin abokiyar zamanki. Na san abin da nake cewa, kuma ban san yadda kuke ba. Amma ko ba kwa ga maciji, akwai magana ɗaya da ta shafe ku daidai wa daida: miji ɗaya gare ku, huhu ɗaya gare shi, kuma takaba in ta zo ba ta tambayar wace ce ta fi iya girki, ku biyu za ku zauna wata huɗu da kwana goma, ku biyu za ku riƙe marayu. Kada ki je mata da sigar mai koyarwa, kada ki ce girkinta ne ke kashe shi. Ki ce mata tsoro kike ji, ki tambaye ta ko ita ma tana jin yadda numfashinsa ke ɗaukewa da dare a ɗakinta. Tana ji. Ina kyautata zaton ita ma ta sha kwana ido biyu tana jira ya ja na gaba, ba ta dai da wanda za ta faɗa wa. In kin ga maganar ba za ta yiwu tsakaninku ba, to ku raka shi asibiti ku biyu, likita ya faɗa a gabanku, dokar ta zama ta likita ba ta ɗayanku ba.

Hajiya kuwa kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Matan zamaninta sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga lokacin da rama ke nufin babu a gida, daga baya kuma suka ga lokacin da in magidanci ya faɗa sai a fara raɗa ana cewa ƙanjamau. A idonta tumbin ɗanta shaida ce cewa Allah Ya rufa asiri. Ba za ki goge wannan da lissafin BMI ba. Ki cire kalmar ragewa da ramewa daga bakinki gaba ɗaya in kina gabanta, ki yi maganar numfashi. Ki ce, Hajiya, hakin nan da Alhaji ke yi in ya hau bene yana hana ni barci, ina tuna kwanakin asibiti. Ita ma ta zauna a bakin gadon nan. Sannan ki kwantar mata da hankali da gaskiya: abin da likitoci ke nema a farko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na nauyi, wato kilo 5 zuwa 11 a jikin Alhaji, a cikin wata shida ko fiye. Wannan kaɗai yana sauke hawan jini da suga, yana sassauta minshari. Mutum mai kilo 108 in ya koma 98, a cikin babbar riga ba wanda zai ce ya rame, sai dai a ce ya yi fes.

Ta ina za a fara? Daga kofi, ba daga tukunya ba. Ki zauna ki ƙirga abin da Alhaji ke sha daga asuba zuwa dare: shayin safe da madarar gwangwani da sukari cokali nawa, lemon kwalba nawa a shago in rana ta take, na baƙi in sun zo a sha tare, furar yamma da sukarinta. Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 13, ita kaɗai ta kai iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini. Mai shan biyu ko uku a kasuwa, in ya koma ruwa da zoɓo marar sukari, ya yi rabin aikin ba tare da an taɓa miyar kowa ba. Wannan kuwa ba a hannunki yake ba, a hannun yaron shagonsa yake, shi ake aika. Sai Alhaji da kansa ya yarda, shi ya sa nake ta tura ki wurin likita da amini.

A tukunya kuma a bi a sannu. In ludayi biyu na mai kuke zubawa, a koma ɗaya da rabi na wata guda, harshe ba zai gane ba, daddawa da citta da tafarnuwa su riƙe ɗanɗanon. A rage dunƙulen ɗanɗano da gishiri saboda jini. Malmala uku ta koma biyu, miya ta ƙaru: kuka, kuɓewa, taushe, alayyafo, zogale. Wake da ganye su riƙa shiga shinkafa. Rama ɗaya da na tabbata Hajiya ba za ta yi faɗa a kanta ba ita ce ta kwaɗo, a riƙa sa masa ita a gefe. Abincin dare ya dawo bayan magariba, ledar tsire da balangun ƙarfe goma ta koma ta ranar Juma'a, a raba da yara. Azumin da ke tafe dama ce, amma ki sani mutane da yawa da ƙarin nauyi suke fita daga Ramadan, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da ake jerawa a buɗa-baki.

Umrar nan da kike tsoro, ni ita nake gani a matsayin makaminki. Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki zuwa Harami sau biyar a yini, ga azumi a baki. Ba namijin da ke son a tura shi a keke yana ganin sa'o'insa suna tafiya da ƙafarsu. Ba sai kin ce ya yi ƙiba ba. Ki ce, Alhaji, mu fara gwajin Safa da Marwa tun yanzu. Minti goma bayan sallar asuba, ko ya riƙa zuwa masallacin da ya fi nisa kaɗan, a riƙa ƙarawa har a kai rabin awa kwana biyar a mako.

Amma kafin ya taka ko'ina, likita tukuna, kuma wannan ba shawara ba ce, sharaɗi ne. Mutumin da ya yi kwana tara a kan oksijin, hakinsa na iya zama na ƙiba, na iya zama tabon da ciwon ya bari a huhu, na iya zama zuciya. A auna jini, a auna suga, a duba zuciya da ƙirji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki faɗa wa likita maganar ɗaukewar numfashi da dare, domin shi Alhaji bai san yana yi ba. Ciwo ne mai suna, maƙogwaro ne ke rufewa a cikin barci, yana hawar da jini yana gajiyar da zuciya, kuma akwai na'urar da ake sawa a hanci da dare ta magance shi. A wannan zaman ku tambayi rigakafin korona da na mura kafin tafiya, tunda yana cikin waɗanda aka fi so su sabunta. A jirgi da cikin cunkoso ya sa takunkumi. Kowa ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi.

Abu biyu kada su shigo gidan. Na farko shayin rage tumbi da ake tallarsa a Facebook da WhatsApp: yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba, ƙoda ce ke biyan kuɗin. Allurar rage ƙiba ta zamani kuwa tana aiki, amma ta likita ce, kuma jabunta ya shiga kasuwa. Na biyu deksametason, wani maganin rage kumburi. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi, tun daga nan wasu suka mai da shi maganin kowace mura. Gwajin nan dai shi ya nuna ba ya amfanar wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba. Yana hawar da suga, yana kwantar da garkuwa, kuma yana cikin ƙwayoyin da 'yan mata ke sha da sunan sha ka fashe don su yi jiki. Ki duba abin da muke yi wa kanmu: gida ɗaya ana neman sauke kilo goma, maƙwabta ana sayen ƙiba a kemis.

In mura ta sake kama shi, kada a yi abin da muka saba, wato a sha maganin zazzaɓin cizon sauro kwana uku, in bai yi ba a koma na taifot, sai an ga ya fara shiɗewa a nemi mota. Ranar farko ko ta biyu a ga likita, a gaya masa tarihin 2021. Ki sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, manyan kemis suna da ita. Daga 95 zuwa sama lafiya, 93 da 94 a kira likita, 92 ko ƙasa a tafi asibiti a lokacin ko da yana cewa garau yake, domin korona ta sha sauke oksijin mutum yana zaune yana hira. Sai dai na'urar tana iya ƙara wa mai baƙar fata maki, likitoci a Jami'ar Mishigan sun nuna haka a ƙarshen 2020, kuma yatsa mai sanyi ko mai baƙin lalle yana ruɗa ta. Don haka idonki ya fi ta: in ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, in numfashinsa ya kai 30 a minti, in ƙirji na ciwo, in ya fara ruɗewa ko barci ya ƙi sakinsa, kada ki tsaya neman izinin kowa. Ki fi sa ido daga kwana na biyar zuwa na goma, lokacin da ake ganin kamar an samu sauƙi.

Zaren nan kuma ki yanko uku, naki da na abokiyar zamanki da nasa, ku fara auna kanku kuna dariya a tsakar gida. Alhaji zai fi saurin miƙewa a zagaya masa in ya ga ba shi kaɗai ake nufi ba. In kun dawo daga wurin likita ki rubuto min abin da awon suga ya nuna, daga nan za mu san yadda za a tsara masa sahur.